Daren da Ƙanƙara Ba Ta Kwana Ba

Ƙarfe uku da rabi na dare agogona ya kaɗa, na sauko daga gado a hankali don kada in tashi sauran mutanen ɗakin. Masaukin da muka kwana yana cikin tsaunukan Alps ta ɓangaren Suwizalan, mita 2,500 da 'yan kai sama da teku, irin masaukan nan na dutse da katako da masu hawa ke kwana a jere kamar 'yan makarantar kwana. Ƙarshen Afrilu ne. Mu uku muka zo: ni, da ƙanina wanda shekararsa ta biyu ke nan da fara hawa da allunan zamiya, wato dogayen allunan da ake ɗaurawa a ƙafa a zame a kan dusar ƙanƙara, sai wani dattijo ɗan ƙungiyarmu ta masu hawan dutse, wanda ya haura saba'in amma har yau in ya sa ƙafa a hawa sai dai mu bi bayansa muna haki.

Na tarar ya riga ni fita. Yana tsaye a bakin ƙofa, fitilar goshinsa a kashe, kansa a ɗage. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya nuna mini sama da yatsa. Ko tauraro ɗaya babu. Sai ya sauka daga dandamalin ƙofar ya taka dusar ƙanƙara, ƙafarsa ta nutse har ƙauri, cakwal. Ya zaro ta, ya dube ni.

"Ba ta kwana ba," in ji shi.

Haka yake faɗa duk daren da ƙanƙara ba ta daskare ba. Ni kuwa a ranar ban so jin wannan magana ba ko kaɗan, don wata biyu ina lissafin wannan tafiya.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan batu na kwana, domin duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya. A nan in an ce bazara ana nufin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da hunturu ke sakin ƙasa, kwaruruka su yi kore alhali kan tsaunuka yana nan fari fat. A wannan lokaci ƙanƙarar da ta taru tun Nuwamba tana rayuwa ne tsakanin rana da dare. Da rana samanta ya narke, ruwa ya ratsa tsakanin ƙwayoyinta, ya sassauta haɗin da ke riƙe da su. Da dare, in sama ta washe, ƙanƙara tana sakin zafinta kai tsaye zuwa sararin sama, har fuskarta ta fi iskar da ke kanta sanyi. Shi ya sa za ka ga ma'aunin zafi yana nuna digiri 2 sama da sifiri, amma ka taka ƙanƙara ka ji ta ƙam kamar daɓe. Ruwan jiya ya daskare, ya ɗaure ƙwayoyin ya zama ɓawo, wani lokaci kaurin taƙi guda, wanda zai ɗauki mutum a ƙafa ba tare da ya fashe ba. In kuwa gajimare ya rufe sama, ya zama mata bargo ke nan. Zafin da ta saki ya dawo mata, ta wayi gari da ruwan jiya a jikinta, ga kuma ranar yau tana tafe.

Abin da ke kawo mu tun tsakar dare shi ne wata 'yar taga da ba ta wuce awa ɗaya ko biyu ba. Bayan daren da ya daskare sosai, in rana ta taɓa gangare, santimita biyu ko uku na sama su yi laushi, ƙasansu kuma yana nan da tauri. Zamiya a kan wannan, wallahi, sai wanda ya yi. Amurkawa suna kiran irin wannan ƙanƙara da sunan masara saboda girman ƙwayoyinta. In ka zo da wuri ka tarar da gilashi, wanda in ka faɗi a kai ba abin da zai tsayar da kai. In ka makara ka tarar da taɓo, kuma taɓon nan shi ne mai zaftarewa. Gangare ɗaya ne, dutse ɗaya ne, awa uku kawai ke tsakanin lafiya da jana'iza.

Na karanta sanarwar haɗarin zaftarewar ƙanƙara da yamma, ko in ce na kalle ta. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos, wadda aka fi sani da SLF, tana fitar da sanarwa sau biyu a rana a lokacin hunturu, ƙarfe 5 na yamma da ƙarfe 8 na safe. Ma'aunin hawa biyar ne, wanda ƙasashen Turai suka amince da shi tun 1993: 1 kore, 2 rawaya, 3 ruwan lemo, 4 ja, 5 kuwa ranar da ba a maganar fita. A bazara sukan fitar da taswira biyu na rana ɗaya, ɗaya ta busasshiyar ƙanƙara, ɗaya ta jiƙaƙƙiya wadda haɗarinta ke ƙaruwa yayin da rana ke ɗagawa. Ni taswirar farko na gani, na ga kore, na rufe waya. Ta biyun ruwan lemo ce. A cikin rubutun da ke ƙasa kuma, wanda dattijo ya karanta ni ban karanta ba, an ce dare zai yi gajimare, daskarewa za ta yi rauni. Mutane da yawa suna ɗaukar 3 a matsayin tsaka-tsaki don tana tsakiyar biyar. Amma kusan rabin waɗanda zaftarewa ke kashewa a Suwizalan a mataki na 3 take kashe su, don a 4 da 5 kowa yana gida.

Muka zauna a ɗakin ajiye takalma muna shawara ƙasa-ƙasa. Na kawo hujjata: masaukin yana ƙasa, mu sama za mu, kuma duk mita 100 da ka hau sanyi yana ƙaruwa da fiye da rabin digiri, ƙila can sama ta kwana. Dattijo bai musa ba. Ya ce mu je mu gani, amma da sharaɗi: ƙarfe 9 duk inda muke za mu juya, ko da hannunmu na taɓa ƙololuwa. Na ce na yarda. A zuciyata kuwa na ce in mun kai can ma yi magana.

Muka manna fatun hawa, masu hana allo zamewa baya, a ƙarƙashin allunan, kowa ya kunna na'urarsa ta neman wanda aka binne, dattijo ya tsaya muka wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya yana tabbatar da kowace tana aika sauti. Ƙarfe huɗu da rabi muka kama hanya.

Sa'a ta farko ba daɗi. Ɓawon yana ɗaukar ka taku biyu, a na uku ya fashe. Da muka haura mita 2,800 sai ya fara ɗauka sosai, na waiwayo na yi wa dattijo murmushin "ba na faɗa ba". Bai ce komai ba. Ya juya sandarsa, ya sa mariƙin a ƙasa, ya danna. Ɓawon ya yi ɗan gardama, kaurin yatsa biyu, ya fashe, sandar ta shige salin-alin har hannunsa ya taɓa ƙanƙara. Fiye da mita guda, babu abin da ya tare ta. Ya tura hannu cikin ramin ya damƙo, ya matse, ruwa ya ɗiga ta tsakanin yatsun safarsa. Ya miƙa wa ƙanina dunƙulen. Masana suna cewa ƙanƙara ta kai wannan hali in daga samanta har ƙasanta duk ta tsaya a digiri sifiri, babu sauran sanyin da zai daskarar da ruwan da ke sauka. Ɓawon da nake taƙama da shi ashe murfi ne kawai a kan taɓo.

Sai kuma gari ya waye, gajimaren ya fara yagewa. Na ji daɗi, dattijo ya ɓata rai. Siririn gajimare da rana a bayansa shi ne mafi muni: hasken yana ratsowa, zafin kuma ba ya samun hanyar fita, iska ta tsaya cak, kai kanka ka ji kamar an rufe ka a cikin mota. Muka cire riguna. Gangaren ƙarshe kafin ƙololuwa gabas yake kallo, wato shi ne farkon wanda rana ke gaisawa da shi. Wannan lissafi kowane mai hawa a bazara yana yin sa: gabas da sassafe, kudu da hantsi zuwa tsakar rana, yamma bayan azahar, arewa kuwa sai can ƙarshen kakar. Tsara tafiya a bazara kusan duk bin inuwa ne.

Ƙarfe takwas da rabi muna gindin gangaren. Daga ƙarƙashin wasu baƙaƙen duwatsu da ke sama, waɗanda suka riga suka ɗauki zafi, ƙananan ƙwallaye suka fara gangarowa, kowace tana naɗe ƙanƙara a jikinta tana girma, wata ta kai girman tayar keke kafin ta faɗi gefe, ta bar siririn layi a bayanta. Ƙanina ya ciro waya yana ɗaukar su, don abin sha'awa ne a ido. Na auna gangaren da sanduna biyu, karkatarsa ta haura digiri 35. Yawancin zaftarewar da ke kama mutane tana tashi ne a tsakanin digiri 30 da 45, wato daidai gangaren da ya fi daɗin zamiya. Saura mita 250 kacal a kai sama. Ga kuma sawun mutanen jiya, layuka shida ko bakwai masu kyau, sun sauko ta tsakiyar wurin lafiya lau.

Na ce, "Baba, saura rabin awa a sharaɗinmu. Ga sawu nan, jiya-jiya aka bi."

Ya ce, "Jiya ta kwana."

Na juya wajen ƙanina ina neman mai goya mini baya. Ya sauke wayar ya ce, "Yaya, ni dai ƙafata rawa take yi." Ba don gajiya ba, na sani. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na cire fatun da ƙarfi kamar su suka yi mini laifi.

Daga baya na karanta aikin wani mai bincike Ba'amurke, Ian McCammon, wanda a farkon shekarun 2000 ya bi bayanan ɗaruruwan haɗurran zaftarewa a Amurka yana neman abin da ke sa masu ilimin abin su faɗa ciki. Ya lissafa tarkuna na tunani: sabo da wuri, nacewa a kan abin da aka riga aka ƙudurta, son burge abokan tafiya, sakin jiki don akwai gwani a tawaga, ganin wasu mutane a wurin, da ɗokin riga kowa. Da na karanta sai na ga kamar a gindin gangaren nan ya tsaya yana rubuta ni. Aƙalla uku daga ciki ina ɗauke da su a safiyar nan, har da na huɗu, don a can ƙasan raina ina cewa ai muna tare da dattijo, me zai faru. Kusan tara cikin goma na waɗanda zaftarewa ke kamawa, su ne ko abokan tafiyarsu suka tayar da ita. Mun saba cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma wannan tsautsayin yawanci mu ke hawa da ƙafarmu mu je mu taso shi.

Saukowar wahala ce zalla. Ɓawon ya riga ya tafi, allunan suna nutsewa, kowace juyawa sai ka yi kamar kana fizge ƙafa daga laka. Ƙanina ya faɗi sau uku, a na ukun sai da muka tono masa allo ɗaya da shebur. Amma abin da ke damun dattijo yana gaba. Hanyar komawa tana bi ta wani siririn kwari, a ƙarƙashin dogon gangare mai kallon kudu maso gabas, wanda da rani ciyawa ce kwance a kansa. Da asuba mun wuce ta nan a duhu, ban ma ɗaga kai ba. Yanzu da na ɗaga sai na ga wata baƙar tsaga can sama, a lanƙwashe kamar bakin da aka buɗe, ƙasa tana leƙowa ta ciki. Masu jin Jamusanci suna kiranta bakin kifi. Alama ce cewa ƙanƙarar gaba ɗayanta, daga sama har ƙasa, tana jan ciki a kan santsin ciyawa ko falalen dutse, ruwa yana yi mata man shafawa daga ƙasa. Irin wannan ba mutum ke tayar da ita ba, kuma ko masu harba nakiya don saukar da ƙanƙara ba su cika iya mata ba. Tana iya zama mako uku a buɗe ba ta motsa ba, tana iya tafiya cikin minti biyar, da rana ko da dare. Maganinta ɗaya ne, kada ka daɗe a ƙarƙashinta.

Dattijo ya ce ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa, ba ɗaukar hoto, in ka faɗi ka tashi ko da rarrafe. Ya fara wucewa, ya tsaya a kan wani tudu can gaba ya ɗaga sanda. Ƙanina ya bi. Na bi a ƙarshe, wuyana a karkace ina kallon sama. Babu abin da ya faru. Muka hau tudun, muka zauna a kan jakunkuna muna shan ruwa, har na fara shirya maganar da zan yi cewa ga shi dai duk tsoron banza ne.

Ƙarfe goma da minti ashirin ne, na duba daga baya a hoton da ƙanina ya ɗauka. Ba ta yi ƙara irin ta bindiga ba. Wani gurnani ne mai nauyi, kamar babbar mota tana juye tsakuwa a nesa, sai dai ba ya ƙarewa. Ƙasan bakin kifin ya tattare kamar an ture tabarma, sannan duk fuskar gangaren ta taho. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rashin gaggawarta. Busasshiyar zaftarewa ta tsakiyar hunturu tana iya wuce kilomita 100 a awa, da farin hayaƙi a gabanta. Wannan kuwa tafe take kamar kwaɓaɓɓen siminti, kana iya bin ta da ido, tana birgima da dunƙule-dunƙule wasu girman firiji, launinta ya koma ruwan ƙasa don ta kwaso laka da ciyawa da duwatsu. Ta iske wani ƙaramin icce a gefen kwarin ta kwantar da shi ba tare da ta rage tafiya ba. Ta cika kwarin, ta haura ɗaya gefen kaɗan, ta tsaya. Sai shiru, sai warin danyar ƙasa ya iso mu. Inda ta fito ya zama baƙin tabo a jikin dutsen, ciyawar bara a kwance tana sheƙi.

Sawunmu na asuba da na minti ashirin da suka wuce duk suna ƙarƙashinta.

Ba wanda ya yi magana. Can sai dattijo ya miƙe ya juya na'urarsa zuwa nema, ya saurara, ko akwai wata tawaga a bayanmu da ba mu gani ba. Babu sauti. Da ya tabbatar babu sauran abin da ya rage a sama, ya kira ni bakin tarin, ya ce in ciro shebur in tona. Na kafa shebur, ya shiga kamar rabin taƙi ya tsaya. Na taka da ƙafa. Na sara. Cikin minti biyar ina zufa na fitar da abin da bai fi cikin bokiti uku ba. Sabuwar ƙanƙara mai laushi takan yi nauyin kilo 100 a kowane dunƙule mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, irin wannan tarin kuwa yana iya kai kilo 500 ko fiye. Bai yi mini wa'azi ba, ya karɓi shebur ɗin ya naɗe ya miƙo mini.

Na san alƙaluman tun a ajin koyo. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 1994, wanda aka gina a kan haɗurran Suwizalan, ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka binne gaba ɗaya suna da rai in an fito da su cikin minti 15, amma zuwa minti 35 abin ya faɗo kusan kashi 30. Shi ya sa muke ɗaukar na'urar nan mai aika sauti a kan zangon kilohaz 457, da doguwar sandar caka, da shebur, muna kuma gwaji da su, don ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jirgi mai saukar ungulu ba zai riga minti goma sha biyar ba. Amma da na tsaya a kan tarin nan na gane cewa lissafin minti 15 yana ɗauka ne cewa za ka iya tonawa. A cikin wannan simintin, mutum a zurfin mita ɗaya da rabi, mu biyu, ga iska ba ta ratsa jiƙaƙƙiyar ƙanƙara kamar busasshiya, ga duwatsun da ta niƙa shi da su a hanya. Tun ranar na daina kallon kayan jakata a matsayin kariya.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka cewa haɗarin bazara duk na zafin rana ne, in ka yi sammako ka tsira. Hunturu ba ya tafiya gaba ɗaya, yana ɓuya a gangaren arewa da can sama. Ƙanƙarar dutse hawa-hawa ce, kowace guguwa da kowane kwanakin sanyi sun bar shimfiɗarsu. In farkon kaka ya zo da 'yar ƙanƙara kaɗan da sanyi mai tsanani, bambancin zafi tsakanin ƙasa da sama yana wuce digiri 10 a kowace mita, sai ƙwayoyin ƙasa su rikiɗe su zama manya masu kusurwa, ba sa manne da juna, in ka damƙa su zube kamar sukari. Duk abin da ya sauka daga baya a kan wannan yake zaune, har Afrilu, har Mayu. Jihar Kolorado ta Amurka ta yi suna da irin wannan. Ranar 20 ga Afrilu, 2013, a wani kwari da ake kira Sheep Creek kusa da mashigar Loveland, mutum shida suka fita, dukkansu da kayan ceto, cikinsu har da masu ilimi sosai a kan abin, sun zo taron da ake tara wa cibiyar gargaɗin zaftarewa ta jihar kuɗi. Ba a kan gangaren suke ba, ta ƙasansa suke wucewa. Nauyinsu ya karya rarraunar shimfiɗar nan ta farkon hunturu, wadda ƙanƙarar Afrilu da iska suka ƙara wa kaya, karyewar ta gudu sama, falalen ƙanƙara mai zurfin gaske ya sauko musu. Biyar suka mutu, ɗaya ya rayu. Wannan ba ruwanta da agogo.

Ita wannan tsohuwar shimfiɗa tana da rana ta biyu, ranar da ruwan narkewa ya fara isa gare ta. Gangaren kudu sun saba da ruwa tun Maris, sun yi hanyoyin da yake bi ya fita. Na arewa kuwa a bushe suke har ƙarshen Afrilu ko Mayu, sai zafi ya zo kwana biyu ko uku a jere ba daskarewa, ruwa ya ratsa karon farko ya taru a kan wani tsohon ɓawo ko ya jiƙa sukarin nan, falalen ya tashi gaba ɗaya. Ranar 20 ga Mayu, 2005, irin wannan ta kashe wani mai zamiya a cikin filin wasan zamiya na Arapahoe Basin na Kolorado, wurin da ake kula da shi kullum, ba daji ba. Ruwan sama kuwa yana yin aikin mako guda na rana cikin awanni. Zaftarewar da ta fi kowace kisa a tarihin Amurka, wadda ta ture jiragen ƙasa biyu a Wellington ta jihar Washington ranar 1 ga Maris, 1910, ta kashe mutum 96, ta zo ne bayan kwanaki ana zuba ƙanƙara sannan ruwa da tsawa suka biyo baya.

Akwai ƙananan abubuwa da na koyi sa wa ido. Sabuwar ƙanƙara in ta sauka a Afrilu a kan tsohon ɓawo mai santsi, ranar farko da rana ta fito mata takan zube kusan ko'ina, don ba ta saba da zafi ba. Ƙura ma tana da hannu. Sabuwar ƙanƙara tana mayar da kashi 80 zuwa 90 na hasken rana, amma in iska ta kwaso ƙurar Sahara ta zuba a Alps, kamar yadda aka gani a Maris na 2022 har tsaunuka suka koma ruwan goro, sai ta riƙa shan zafi ta narke da wuri, agogon da ka saba da shi ya yi ƙarya. Sai rumfunan ƙanƙara da iska ke ginawa a tozon dutse duk tsawon hunturu, suna leƙe a kan sarari. A bazara suka fi girma kuma suka fi rauni, suna karyewa can baya fiye da inda ido ke zato, in kuma suka faɗo nauyinsu yana iya tayar da abin da mutum goma ba za su tayar ba. Rafuka ma suna cin ƙanƙara ta ƙasa, ka taka wuri sumul ka tsinci kanka a cikin ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na taɓa gani kafin ranar nan, ban dai taɓa haɗa su wuri ɗaya ba.

Mako biyu bayan haka muka koma dutsen, ni da dattijo, ƙanina ya ce shi ya gama na bana. Daren ya washe, taurari kamar a kai hannu a ɗebo, ƙanƙara tana ƙara ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi tun daga bakin ƙofa. Sai da muka sa ƙarafan riƙo a allunan don tauri. Muka tsallake tarin da ke kwarin a ƙafa, allunan a kafaɗa, don ba a zamiya a kan dunƙulen nan in sun daskare. Ƙarfe takwas muna ƙololuwa, muka zauna jiran gangaren ya yi laushi, dattijo yana taɓa shi da sanda lokaci-lokaci. Da ya ce yanzu, muka sauko, kuma ban taɓa yin zamiya mai daɗin wannan ba. Kafin ƙarfe goma mun fita daga kwarin.

A ƙarshen Yuni na sake bi ta wurin ni kaɗai, a ƙafa, da ƙananan takalma. Furanni sun rufe gangaren, ciyawa ta miƙe a inda baƙin tabon yake, sai ka rantse ba abin da ya taɓa faruwa. Amma a cikin kwarin tarin yana nan, ya yi baƙi da ƙasa da ganyaye, har yanzu ya fi ni tsayi, rafin ya huda rami ta ƙarƙashinsa yana fitowa ta ɗaya gefen da sanyi kamar an buɗe firiji. Iccen da ta kwantar ya fara leƙowa daga gefe, ɓawonsa a saɓule ta ɓangare ɗaya, wasu rassan da suka samu rana har sun yi toho. Na tsaya na gwada inda sawunmu ya bi, na ƙirga taku daga nan zuwa tudun da muka zauna shan ruwa. Ɗari da arba'in.